Yadda Na Yi wa Kawu Sha'aibu Tafinta a Bakin Teku

Tun da muka dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci, a fada wajen shayi, har a kasuwa, duk wanda ya gan ni sai ya ce in ba shi labarin Faransa. Wasu so suke su ji ko da gaske ana wanke tituna da sabulu, wasu kuma ko an ba Kawu mota. Duk lokacin da na fara sai raina ya ɓaci sabo, har matata ta ce in daina kafin hawan jini ya kayar da ni. Don haka na rubuta shi sau ɗaya, mai son ji ya karanta.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Mutari, na yi shekara talatin ina koyar da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, nan Damagaram kafin in ajiye aiki. Kawu Sha'aibu yayan mahaifiyata ne, manomi a Zermu, ya haura casa'in. Yana cikin samarin da aka kwashe zamanin yaƙin duniya na biyu aka sa musu kaki. Wata rana takarda ta zo ta hannun ofishin tsofaffin sojoji, daga wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a kudancin Faransa. Duk shekara suna bikin tuna ranar da sojoji suka sauka gabarsu daga teku suka kori Jamus, kuma bana suna son tsohon sojan Afirka mai rai ya halarta, tare da mai rakiya ɗaya. Mun ɗauka zai ƙi. Sai ya ce zai je, yana da wata buƙata a can, bai kuma faɗi ko mece ce ba.

Mun shiga kar, babbar motar fasinja, bayan sallar asuba zuwa Yamai. Wanda ya san hanyar ya san wahalarta, balle ga tsoho. A shingen farko jandarma ya karɓi katin Kawu na tsohon soja, ya duba, ya ƙame ya sara masa, daga nan duk motar ta zama 'ya'yansa. Wata 'yar kasuwa ta Tasawa ta dinga tura masa dabino. A Ƙonni ya tsaya alwala a natse kamar yana gidansa, direba ya tayar da mota zai tafi, fasinjoji suka sauka suka tsaya gabanta har ya idar da sallarsa ya shafa. Wannan ce karramawa mafi girma da ya samu a duk tafiyar, kuma tun ba mu bar ƙasarmu ba.

A ofishin biza wata yarinya bayan gilashi ta ce takardar haihuwarsa ba ta cika ba, don an rubuta an haife shi wajen shekara kaza, babu rana babu wata. Ta kuma nemi shaidar cewa zai dawo, ba zai maƙale a can ya nemi aiki ba. Kawu ya tambaye ni me take cewa, na faɗa masa.

"Ka gaya mata, zuwan farko ba wanda ya nemi takarda. Haƙorana suka duba, suka bubbuga mini ƙirji, suka ce in hau mota."

Na juya na gaya wa yarinyar cewa tsohon yana godiya, za mu kawo abin da ya rage. Haka na yi, ba zan ɓoye ba. Na ga idan na fassara za a hana mu, kuma shekara talatin ina koya wa yara cewa wannan harshe na ladabi ne. Sau uku muna komawa, kwana goma sha ɗaya muna zaune gidan wani ɗan'uwa, kafin a buga mana hatimi.

Jirgin sama bai dame shi ba, barcinsa ya yi. Da muka sauka ne aka ware mu daga layi. 'Yan duwan, wato kwastan, suka zazzage jakarsa a kan tebur, suka sami kilishin da ya sa aka yi masa musamman don ya kai wa masu masaukinsa, suka jefa a kwandon shara yana kallo. Butarsa ta roba suka ɗaga suna leƙa cikinta, ɗaya ya tambaya ko ta shayi ce. Kawu ya gaishe su da irin Faransancin bariki da ya rage masa, saurayin ya tuntsire da dariya ya kira abokinsa ya zo ya ji. Sai da na fito da takardar gayyata mai hatimin magajin gari sannan aka sake mu, ba ko sannu.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai mu garin. Wadda ta tarbe mu ita ce Madam Kolet, mai shirya bikin, dattijuwa mai fara'a da saurin magana. Ba muguwa ba ce, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da muguwa ce da na san yadda zan yi da ita. Ta buɗe hannu za ta sumbaci Kawu a kumatu kamar yadda suke gaisawa, ya ja da baya ya gitta sandarsa tsakaninsu. Na ce mata gajiya ce.

Tsofaffin sojojin ruwa, waɗanda su ne 'yan gaban goshin bikin, an sauke su a otal mai kallon teku. Mu aka kai mu gidan kwanan ɗalibai can bisa tudu, hawa na uku, babu na'urar hawa. Madam ta ce otal ya cika. Kawu yakan hau matakala biyar ya zauna, ya hau biyar ya zauna, ni ina bayansa da hannu a buɗe. Bayan gida kuwa babu ruwan tsarki sai takarda, a nan ne muka gode wa Allah da ba a jefar da butar ba.

Abincin maraba da aka kawo mana tire ne cike da ƙaguwa da jatan lande da wasu abubuwa cikin ɓawo da ake zuƙewa ɗanye. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce ko agwagin tafkin Gidimuni sai sun yi shawara kafin su taɓa wannan. Aka kawo cuku mai warin da in a gida ne sai a nemi abin da ya mutu a bayan randa. Kwana biyu burodi da shayi muke ci, sai na gano shagon wani mahauci ɗan Aljeriya a bayan tasha. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce kakansa ma ta wannan gaba ya sauka, shi kuma ba a taɓa gayyatar gidansu ba. Daga ranar matarsa ke aiko mana da kuskus da miyar rago.

Abin da ya fi ɗaure wa Kawu kai shi ne gaisuwa. Yakan yi wa duk wanda muka haɗu da shi a hanya sannu, su kuwa su dubi ƙasa su ƙara sauri. Amma karnukansu ana musu magana, ana ɗaukar kashinsu da leda, har wani na gani zaune kan kujera a gidan abinci. Akwai wata tsohuwa a benen da ke kallon namu, kullum tana bakin taga ita kaɗai. Kawu ya tambaya ina 'ya'yanta, aka ce suna nan, sukan zo lokacin biki. Ya ce Allah ya kyauta, ya riƙa ɗaga mata hannu kowace safiya, a rana ta uku ta ɗaga masa.

Ana gobe biki ya ce in kai shi bakin ruwa. Mun tarar da yashi cike da mutane kwance kusan tsirara suna gasa jikinsu a rana, yara na gudu, ana sayar da ƙanƙara mai zaƙi. Na rasa inda zan sa idona. Shi ko kallonsu bai yi ba, teku yake duba. A nan ya gaya mini buƙatarsa.

Ya ce akwai wani Ilu, ɗan Tirmini, da aka kwashe su rana ɗaya, suka yi bariki ɗaya, suna cin kwano ɗaya. Ilu bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Da babban jirgin ya tsaya can nesa da gaba, aka saki ragar igiya a jikinsa, aka ce su sauka ta nan zuwa ƙananan jiragen da za su kai su tudu, kowa da bindiga da harsashi da jaka a baya. Ruwa na ɗaga ƙaramin jirgin yana saukewa. Ilu na ƙasa da shi a ragar, ya saki hannu daidai lokacin da jirgin ya ja gefe, ya faɗa tsakani. Kawu ya ce ko ihu bai yi ba, hularsa kawai ta taso. Aka daka musu tsawa su ci gaba da sauka. Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba, kuma tun ranar Kawu bai sake ambatonsa ga kowa ba. So yake a kai shi kan ruwan, inda jiragen suka tsaya, ya yi masa addu'a.

A bakin tashar akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa sunaye da ruwan zinariya. Ya ce in karanta masa. Na karanta tun daga sama, sunayen sojojin ruwa ne da na jiragensu, har da na wani kyaftin da ya mutu a gadonsa bayan shekaru. Can ƙasa, daidai inda karnuka ke ɗaga ƙafa, akwai layi ɗaya da ƙananan haruffa: da sojojinmu na Afirka. Ya ce in sake dubawa ko na tsallake. Na sake, babu.

Na san a tsarin bikin akwai jirgin da zai fita da baƙi a watsa furanni a teku, don haka na je na roƙi Madam Kolet. Ta dafa ƙirji ta ce labarin ya taɓa ta ƙwarai, amma kujerun na sojojin ruwa ne da manyan baƙi, kuma masu inshora ba za su yarda da mai shekarunsa ba. Na ce ai sojojin ruwan sa'o'insa ne. Ta ce su an san lafiyarsu. Na koma na gaya wa Kawu ana dubawa, wannan ma ƙarya ce.

Da safen biki ta zo da abu biyu. Na farko jar dara sabuwa, irin wadda sojojin Afirka ke sawa a hotuna, ta ce zai yi kyau ga masu ɗaukar hoto. Kawu yana cikin farar babbar rigarsa da hularsa ta gida. Ya juya darar a hannu ya mayar mata, ya ce in gaya mata wadda aka ba shi sun karɓe ta tun tuni, tare da takalmansa. Na biyu takarda ce ta ba ni a gefe. Ta ce za a ba shi minti biyu ya yi magana da harshensa, don jama'a na son jin haka, ni kuma in karanta wannan a matsayin fassara, saboda lokaci. Na duba, godiya ce ga Faransa uwa mai rungumar 'ya'yanta. Na ninke na sa a aljihu.

An kafa rumfa a bakin tasha. Kujerarmu ce ta ƙarshe a layi na biyu, inda inuwa ta ƙare, na cire hulata ina kare masa rana. Magajin gari ya yi magana, wani babban hafsan ruwa ya yi, aka kira sojojin ruwa ɗaya bayan ɗaya da suna da muƙami, ana buga badujala. Ban ƙi wannan ba, sun cancanta. Da aka zo kanmu sai mai sanarwa ya ce ga jarumin Sanigal, ya karanta sunan Kawu a karkace har shi kansa bai gane da shi ake ba.

Ya tsaya gaban makirfo ya dogara sandarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya faɗi sunansa da garinsa, ya ce shi ba ɗan Sanigal ba ne. Ya ba da labarin Ilu a taƙaice. Ya ce su ne suka hau duwatsun bayan garin nan suka fitar da Jamus daga ramukansu, kuma da sanyi ya gabato aka tara su aka karɓe kakinsu da takalmansu da bindigoginsu aka ba 'ya'yan ƙasa, don su su shiga manyan birane a tafa musu. Ya ce bai zo neman komai ba sai a kai shi kan ruwa ya yi wa ɗan'uwansa addu'a, an kuma hana shi. Ashe ya sani.

Na fito da takardar na fara karantawa. Ban kai layi na uku ba na ji ya damƙe mini wuyan hannu, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Mutari, na ji ka ce mersi sau biyu. Ni ban ce ba ko sau ɗaya."

Makirfo a buɗe yake, duk wurin ya ji, ko da ba su gane ba. Na ce masa a hankali, Kawu, baƙi ne mu a nan.

"A Yamai ka yi, na ƙyale ka. Uwarka ba ta haifi maƙaryaci ba. Faɗi abin da na ce."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, ina da furfura, gaban ɗaruruwan mutane. Na mayar da takardar aljihu na faɗi abin da ya ce, kalma bayan kalma, da mafi kyawun Faransancin da na iya. Da na kai wajen takalma na ga magajin gari yana duban agogo. Ina kan maganar jirgi aka yi wa masu badujala alama, suka kwashe da kiɗa, sauran maganar ta nutse. Wasu 'yan tsiraru a baya sun tafa. Madam Kolet ta wuce ta gabana fuskarta ja, ta ce mini ba haka aka shirya ba.

Ana cikin hawa jirgin furanni sai ga wata mata ta turo wani tsoho a keken guragu, da hular sojan ruwa da lambobi a ƙirji. Ya ce sunansa Rene. Ya ce a lokacin yana yaro matashi, aikinsa riƙe gindin raga a cikin ƙaramin jirgi. Bai ce jirginsu ɗaya da Kawu ba, ya ce jiragen suna da yawa, amma ya ga baƙaƙen sojoji sun faɗa tsakani, ba ɗaya ba, kuma an hana su tsayawa. Ya tambayi sunan abokin Kawu, ya maimaita shi har ya iya. Daga nan ya sa matar, wadda 'yarsa ce, ta tura shi bakin matakalar jirgi, ya gaya wa mai riƙe da jerin sunaye cewa ya ba Kawu kujerarsa. Mutumin ya duba takarda ya ce ba a canja suna. Tsohon ya yi ta faɗa har muryarsa ta shaƙe, mutumin yana ba shi haƙuri cikin ladabi yana girgiza kai. A ƙarshe Rene ya ce to shi ma ba zai hau ba. Jirgin ya tashi da manyan baƙi da furanninsu, ya bar tsofaffin biyu a kan siminti, ɗaya a zaune ɗaya a tsaye.

Muka taka har ƙarshen tashar, inda ba sauran gini sai ruwa. Mahaucin nan ɗan Aljeriya ya rufe shagonsa ya biyo mu. Kawu ya ce ba nan ba ne, amma ruwan ɗaya ne. Ya ɗaga hannu muka ɗaga, tsoho Rene ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Addu'ar ba ta yi tsawo ba. Da muka shafa Kawu ya ce a kai shi ya kwanta, kuma bai sake fita ba har ranar tafiya. Ba wanda ya zo daga ofishin magajin gari ya yi mana sallama, direba kawai aka aiko.

Duk hanyar dawowa ina tafasa. Daga Yamai har Maraɗi na cika wa maƙwabcin kujerata kunne da zancen dutsen nan da layinsa ɗaya. Da muka kusa gida, bayan la'asar, Kawu ya ce a tsayar da kar a Tirmini, zai sauka. Na ce saura kaɗan mu isa, ya bari sai wani lokaci. Ya ce shi ba ya da wani lokaci. Aka sauke mana kaya a bakin hanya.

Muka je ƙofar mai gari, aka shimfiɗa mana tabarma, dattawa suka taru. Kawu ya ce ya zo ne ya gaya wa dangin Ilu inda ɗansu yake, kuma an yi masa addu'a. Suka dubi juna. Aka lissafo Ilu uku, duk ba shi ba ne. Aka aika a kira wata tsohuwa da aka ce ta fi kowa shekaru a unguwar. Ta yi tunani ta ce tana yarinya akwai wata mata da ke tare duk wanda ta gani da kaki tana tambayarsa ɗanta, yara suna bin ta suna tsokana. Ta rasu da daɗewa, gidan ya rushe, sauran sun yi kudu. Sunan ɗan kuwa ba ta taɓa ji ba.

Na zauna a tabarmar nan ina tuhumar kaina. Shekara talatin ina sa yaran Damagaram haddace sunayen kogunan Faransa da janar-janar ɗinta, ina dukan wanda ya manta, ban taɓa zama na tambayi yayan uwata da wa ya tafi ba, wa kuma bai dawo ba. Haushin da nake ji da mutanen can bai ragu ba ko kaɗan, har yanzu da nake rubutun nan, sai dai ya sami abokin zama.

Kawu ya ba su labarin tun daga farko, wannan karon ba mai fassara, ba kuma wanda ya katse shi. Da ya gama ya roƙi liman ya sa Ilu a addu'a ranar Juma'a, ya ambaci sunansa jama'a su ji. Liman ya ce zai yi, ya tambaya Ilu ɗan wa za a ce.

Kawu ya buɗe baki ya rufe. Ya daɗe yana kallon ƙasa, leɓɓansa na motsi, muna jira. Can ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa, abin da ban gani ba ko a bakin teku.

"A da na san sunan ubansa," ya ce. "Wallahi na sani da."